Ƙafar Surukar Likita

A Upper Marlboro, nan Amurka, akwai wani gida mai ƙofar gareji biyu da ciyawa kamar darduma, in ka wuce ta gabansa sai ka rantse masu shi ko ciwon kai ba sa yi. To a ƙarƙashin gidan nan ƙafar Hajiya Hasiya ta ruɓe, alhali mai gidan likita ne, kuma mijin 'yarta ne. An ce mini in yi shiru. Ɗana Ladan ya ce, matarsa ta ce, ita Hasiyar ma ta ce. Na rufe bakina, amma ba wanda ya ce kada in rubuta, ga shi yaƙi da jahilcin da na yi a Funtuwa bai tafi a banza ba.

Sunana Marka, yaran nan suna ce mini Goggo. A Lanham nake zaune wajen Ladan. Duk ranar da gida ya ishe ni, ko kuwa ni na ishi gidan, sai ya sauke ni wajen Hasiya kafin ya wuce aiki, don shi da mai gidan, Dakta Fatihu, abokai ne tun makaranta. Hasiya mutuniyar Malumfashi ce. 'Yarta Umaima ta kawo ta renon jikoki, biyu masu zuwa makaranta da jaririya ta goye. Aka ba ta ɗakin ƙasa da suke kira besmen, sai ka bi matakala kamar mai shiga rijiya. Da gado, da talabijin, da banɗaki, da wata 'yar taga can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai tayoyin mota.

Da ciwon suganta ta zo, da ƙwayoyinta ƙulle a leda. Dama mace ce mai jiki, amma a gida tana yawo, yau biki, gobe gaisuwar mutuwa, jibi kasuwa. Nan kuwa daga besmen sai kicin, daga kicin sai besmen. Sai ta yi ta buɗewa. Na ce mata, "Hasiya, in kika koma Malumfashi sai an fasa ƙofa kafin ki shiga ɗakinki." Ta ce in ji da bakina, shi ma ya fi ƙofar faɗi.

Kunya biyu ta haɗu wa baiwar Allah nan a gida ɗaya. Umaima 'yar fari ce, Hasiya ba ta kama sunanta, sai dai "yarinyar nan", balle ta kai mata kuka. Shi kuma Fatihu suruki ne, ba ta kallon fuskarsa, ba ta ci ba ta sha a gabansa. A gida wannan ba wani abu ba ne, akwai zaure, akwai katanga, kowa da wajensa. Amma Bature da ya gina gidajen nan bai san suruka ba. Kicin da falo da wajen cin abinci duk fili ɗaya ne, in kana ɗiban ruwa a firij wanda ke kallon talabijin yana jin haɗiyarka.

Wata rana na sauka besmen wajen azahar na same ta a bakin gado, gumi sharkaf, hannu na rawa, jaririya a bayanta.

Na ce, "Hasiya, lafiya?"

"Yunwa ce kawai. Na sha ƙwayar tun safe ban karya ba."

"Abinci ne ya ƙare a Amurka?"

Ta nuna sama da haɓa. "Yana kicin."

Ashe Likita ba ya aiki ranar. Tun da hantsi ya baje kwamfutarsa a teburin kicin, ita kuma ba za ta hau ta zuba abinci a gabansa ba. Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Biskit ne cike, da cincin, da lemon gwangwani na yara. Ta fasa lemo ta shanye a tashi ɗaya, ta bi da biskit. Abincin mai ciwon suga ke nan a gidan likita, ran da likitan yake gida.

Ni da ba surukina ba ne, na hau na zubo mata tuwo a gabansa. Ya ɗago yana dariya.

"Goggo Marka, yau kuma labarin wa kika kawo mana?"

"Naka na zo ɗauka, bokan Turai. Surukarka na ƙasa yunwa za ta kayar da ita, kai ka tare kicin kamar mai gadi."

"Ayya. Ai gidanta ne, Goggo. Wa ya hana ta?"

Ya mai da kai kan kwamfutarsa. Bai matsa ba.

Da sanyi ya shigo aka saya mata 'yar hita ta lantarki, don besmen ɗin kamar randa yake. Dama ta sha gaya mini ƙafafunta ba ta jin su sosai, wai kamar a kan auduga take tafiya. Na ce daɗin Amurka ne ya sauko mata har ƙafa. Ban san ciwon ne yake kashe jijiyar ba, sai daga baya aka gaya mini. Wata rana ta miƙe ƙafa gaban hitar nan barci ya ɗauke ta. Ta farka babban yatsanta na hagu da gefen ƙafar sun tashi, ita kuma ko zafi ba ta ji ba. Ta fasa ƙurjin da allura, ta shafa man goge baki, ta sa safa.

Ni ban gani ba sai da aka kwana biyu. Na lura in za ta yi alwala ba ta cire safar hagu, sai ta shafa a kai.

Na ce, "Malama Hasiya, yaushe kika zama matafiyiya? Ko lalle kika sa kike ɓoye mini?"

Ta yi ta kauce-kauce. Na matsa mata, kun san ni. Da ta ja safar sai ta taho da fata. Wajen ya yi rami, gefe fari, tsakiya ja, yana tsatsar ruwa.

"Yarinyar nan ta gani?"

"Tana da aikinta."

"Shi fa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Marka, ƙafata zan miƙa wa mijin 'yata?"

Da la'asar Umaima ta dawo, jaka a kafaɗa, waya a kunne, tana zuba Turanci. Na tare ta a bakin matakala na gaya mata. Ta sauka, ta tsaya daga nesa ta leƙa, ta ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" Hasiya tana kallon bango ta ce ɗan ƙurji ne. Sai Umaima ta ɗauki hoton ƙafar da waya ta hau sama. Haka aka yi aikin likitan. Ya dubi hoto, ya rubuta magani, Umaima ta karɓo a kanti da bandeji. Tsakaninsa da ƙafar nan matakala ce kawai, amma a waya ya gan ta, kamar wadda ke Malumfashi.

Na same shi na ce, "Likita, ka sauka ka duba da idonka mana."

"Haba Goggo. Ke ma kin san al'ada. Ta yaya zan ce Inna ta buɗe mini ƙafa? Ita kanta ba za ta yarda ba."

"To kai ta wajen wanda ba surukinta ba."

"Za a kai ta. Takardunta ne ba su fito ba, babu inshorar lafiya. Nan ba kamar gida ba ne da za ka shiga asibiti kawai. A bari mu ga aikin maganin nan tukuna. Kuma ni likitan ƙoda ne, ƙafa ba fannina ba ce."

Na ce, "Ashe. Ni na ɗauka jikin duk ɗaya ne."

Ya yi dariya ya ce wa Umaima Goggo ba ta da dama.

Maganin ya ƙare, ramin bai rufe ba. Aka sake ɗaukar hoto, aka sake rubuta wani. Akwai 'yar na'urar gwada suga da Umaima ta ba ta tun zuwanta, amma idon Hasiya ya fara hazo, ba ta ganin lambar, ni kuma ina ganin lambar ban san me take nufi ba. Sai muka mai da ita kwali. Na ce wa Umaima ta dinga gwada mata ko da safe ne. Ta ce, "Goggo, da asuba nake fita, hanyar Washington ba ki san cunkosonta ba. Ran Asabar zan yi." Asabar ta zo, akwai ƙwallon yara. Ta gaba akwai suna a Manassas.

Abin da ba su faɗa ba ni zan faɗa. In aka kai Hasiya asibiti, kwantar da ita za a yi. In aka kwantar da ita, wa zai riƙe jaririya? Umaima ba ta daɗe da komawa aiki ba bayan haihuwa, gidan renon yara kuma sun ce babu wuri sai an jira. Na taɓa jin ta a waya tana ce wa ƙawarta, "In Inna ta kwanta yanzu na shiga uku." Ba ta ce in Inna ta rasa ƙafa ba.

Hasiya ta daina taka ƙafar. In za ta hau sama sai ta zauna a matakala ta dinga ja da baya, da mazaunai, jaririya rungume a ƙirji. A haka take dafa wa yara abincin dawowa makaranta, tana dafe da tebur. Yatsan ya fara duhu, kamar dabinon da ya daɗe. Sai wari ya zo. Yaran suka daina sauka kallon talabijin, babban ya ce da Turanci ɗakin kaka yana wari, na ji shi sarai, wannan kalmar na san ta. Umaima ta mare shi don rashin kunya, sannan ta sayo turaren fesawa mai ƙanshin lemo ta ajiye a besmen. Hasiya kuma ta ƙara da turaren wuta, har sai da ƙararrawar hayaƙi ta yi kuka aka hana ta.

Na ce mata, "Ki buɗe baki ki ce su kai ki. Ke kika haifi yarinyar nan fa."

"Suna sane, Marka. In lokaci ya yi za su kai ni."

"In ƙafar ta tafi kafin lokacin fa?"

Ta gyara wa jaririya hula. "Ke dai ba ni labarin matar nan ta Lanham da ta kori mijinta. Kin tsaya a rabi."

Na ba ta. Me zan yi? Ba ni da mota, ba ni da Turanci, lambar gidan ma sai na duba a waya.

Da sanyi ya fara sauƙi aka ƙara wa Likita girma a wajen aiki, ya haɗa walima a gida. Umaima ta ce babu mai toya masa irin ta Inna, baƙi ita za su nema. Aka ɗora wa Hasiya kujera mai tsayi gaban murhu tun safe, ta zauna ƙafar na lilo tana kumbura, tana juya masa a tanda. Da motoci suka fara tsayawa Umaima ta ce, "Inna, ki sauka ki huta haka, kin gaji." Ta bi ta da turaren fesawa har bakin matakala, ta ja ƙofa.

Falon ya cika. Likitoci a ranar sun fi gaban in lissafa, na zuciya, na ido, na yara, kowa da farantin masa yana santi. Mai masar tana ƙarƙashin ƙafafunsu.

Cikin baƙin akwai Constance, maƙwabciyarmu a Lanham, 'yar Jos, nas ce a asibitin da Likita yake aiki. Na ja hannunta na ce ta zo ta ga wani leshi. Da jin leshi ta biyo ni. Tun a tsakiyar matakala ta tsaya ta ja numfashi, ta dube ni.

"Mama, wannan ba leshi ba ne."

Ta durƙusa gaban Hasiya ta gaishe ta, ta roƙe ta, ta warware bandejin a hankali. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara, jan kuma ya hau har idon sawu. Ta taɓa goshinta.

"Mama, tun yaushe? A'a, bar shi ma. Yau za a je asibiti. Ba gobe ba. Yanzu."

Ta hau, ni ina biye. Ta ja Likita gefe wajen firij ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Yana murmushi yana ɗaga wa baƙi hannu yana amsa mata. Abin da na kama da Hausa shi ne, "Sista, na gode, muna kula da ita. Harkar gida ce. Ran Litinin zan yi magana da wani abokina." Ta sake magana. Murmushin ya ragu, ya ce, "Sista Constance, a asibiti ma ni nake rubutawa ke ki bayar." Ya koma cikin baƙinsa.

Constance ta dawo besmen idonta ja, waya a hannu, ta gaya wa Hasiya ya ce sai Litinin. "Mama, zan kira motar asibiti. Ko babu inshora dole su karɓe ki, doka ce. Ki ce e kawai."

Hasiya ta riƙe mata hannu. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Motar asibiti da jiniya a ƙofar gidan likita, ran walimarsa, gaban abokan aikinsa? A fito da ni a kan gado ana kallo?"

"Mama, ƙafarki ce fa."

"Ya ce Litinin. Ba zan tona wa yaron nan asiri ba. In kin kira su zan ce ban san zancen ba."

Constance ta dube ni. Ta ce babba mai hankali in ta ce ba ta zuwa, ba a ɗaukar ta dole. Ta wanke ciwon, ta sake naɗewa, ta tafi ko masar ba ta ci ba.

A mota Ladan ya wanke ni tas. Wai na kunyata abokinsa, na kai bare cikin harkar gidan mutane. "Goggo, nan ba Funtuwa ba ce. Magana ɗaya in ta fita sai a ƙwace masa takardar aiki. Kina so ki kashe gidan mutum? Don Allah ki huta da zuwa can."

Na ce, "Ƙafar fa?"

"Likita ne. Ya fi ni da ke sani."

Litinin ta zo ta wuce. Abokin nan wai ya yi tafiya. Ni kuma aka daina kai ni. Sai dai in kira ta a waya, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci in ji jaririya kawai tana kuka. Muryarta ta koma kamar ta mai magana daga cikin tulu. Ta ce sanyi take ji ko ta rufa da bargo biyu. Ta ce ƙishirwa ba ta barin ta. Rannan tana cikin magana ta kira ni da sunan ƙanwarta Asabe, ta tambaye ni ko an ɗaure awaki. Na kira Umaima, ta ce tana mitin, za ta kira ni. Na gaya wa Ladan, ya ce zazzaɓin canjin yanayi ne, kowa yana yi.

Yadda abin ya ƙare, daga bakin matar Ladan na ji, ita kuma daga Umaima. Da hantsi ne, Likita yana gida a teburin kicin. Hasiya ta jawo jiki za ta hau ɗauko madarar jaririya, ta kai tsakiyar matakala ta ga yana nan, ta tsaya jira ya tashi. A nan jiri ya ɗebe ta, ta gangara har ƙasa. Allah ya taimaka jaririyar tana kan gado. Ya ji ƙarar, ya sauka da gudu. Ranar ya fara shiga besmen ɗin tun zuwanta, ranar kuma ya ga ƙafar da idonsa. An ce da kansa ya kira motar. Ta zo da jiniyarta, maƙwabta suka fito kallo.

Ruɓar ta shiga jini. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ta farfaɗo Ladan ya kai ni, yana ta ja mini kunne a hanya. Na same ta kwance, bargo ya tashi a gefe ɗaya ya kwanta a gefe ɗaya. Ta rame a 'yan kwanakin nan, fatar hannunta ta saki. Yanzu kam ana gwada mata suga a kai a kai, ana yi mata allurar insulin, ana kawo mata abinci a kan lokaci da ganye a gefe, wata mata ma aikinta kawai ta koya mata abin da za ta ci. Duk abin nan ashe akwai shi a garin.

Ina zaune Likita ya zo da farar rigarsa. Bai shiga ba. Ya rusuna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Inna, ya jiki?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Da sauƙi. Ya yaran?"

Matan da suka zo dubiya suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce, "Kun ga ɗan mutunci. Duk shekarunsa a Turai bai yar da kunya ba." Wata ta ce ƙaddara ce, ciwon suga ba ya barin kowa.

Bayan sun watse wata Baturiya ta shigo, ta ce aikinta ta ji yadda ake riƙe tsofaffi a gida. Ta fitar da Umaima waje. Ni Hasiya ta ce a bar ni, yayarta ce. Aka kira mai fassara a waya, wani mai Hausar Nijar. Baturiyar ta tambaya, shi ya juya.

"Hajiya, ta ce ciwon nan ya daɗe ƙwarai. Mutanen gida sun san da shi?"

Na gyara zama. Hasiya ta kafe ni da ido daga ƙarƙashin mayafi, irin kallon da ban taɓa gani a wajenta ba.

"Ba su sani ba," in ji ta. "Ni na ɓoye. Safa nake sawa."

"Ta ce ba wanda ya ji wari? Ba wanda ya ce a kawo ki?"

"Sun yi ta fama da ni in zo, na ƙi. Tsoron asibiti nake ji."

Baturiyar ta juyo wajena. Mai fassara ya ce, "Ke fa Hajiya, kina da abin cewa?" Na tuna Ladan da takardar aikin abokinsa, na dubi mai ƙafar ita kanta tana girgiza mini kai. Na ce ni baƙuwa ce, dubiya na zo.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Lanham da Upper Marlboro har Manassas, cewa tsohuwa ce mai taurin kai, ta ɓoye ciwo a gidan likita har ya ci ƙafarta. Ana ta yi wa Fatihu jaje. Umaima tana kuka a gaban mutane tana cewa, "Kun san Inna da zurfin ciki, ni 'yar fari ce, ba ta gaya mini komai." Constance in ta gan ni sai ta kau da kai, ni ma in kau da nawa.

Ni ban ce kunya mugun abu ba ce. Da ita aka rene mu, ni ma ban taɓa kama sunan ɗana na fari ba har ya koma ga Allah. Amma kunyar da na sani, yaro ne yake ɗaukar nauyinta don babba ya huta. Suruki in ya ga surukarsa za ta ci abinci, shi yake tattara kayansa ya fita. In ba zai iya kallon ƙafarta ba, sai ya ɗauko wanda zai iya, ko a tsakiyar walima ne. Wannan ta gidan Likita wata iri ce. Ba ta hana a ci masar tsohuwa ba, ba ta hana a goya mata jaririya tana jan jiki a matakala ba, ba ta hana a fesa mata turare kamar masai ba. Wajen sauka a duba ta kawai take aiki. Kuma ku masu ɗauko iyaye daga gida ku zuba a besmen, ku leƙa ƙasa yau. Shirun da kuke ji ba lafiya ba ce.

Da aka sallame ta sai zancen wurin kwana ya taso. Besmen matakala, ɗakunan sama matakala. Akwai ɗaki ɗaya a tsakiya kusa da falo, amma ofishin Likita ne, littattafansa suna ciki. Sai suka ga ai gida ya fi mata, cikin dangi, ga masu hidima da yawa, ga iska. Jaririya kuma an sama mata wuri a gidan reno, cikin kwana kaɗan, wurin da aka ce babu.

Na je sallama. Tana kan keken guragu a falo, karo na farko da na gan ta zaune a falon nan, don shi ya tafi aiki. Ta sa zani mai tsayi ta saukar da shi har ƙasa. Na yi mata tsiya ko za ta yi dariya, na ce yanzu kam ba sai an fasa ƙofa ba. Ta ɗan murmusa. Sai ta jawo ni kusa.

"Marka, mutanen gida ba su san yadda aka yi ba. Na ce wa Asabe mota ce ta buge ni."

"Mota?"

"To me zan ce? Na tafi gidan likita da ƙafa biyu na dawo da ɗaya? In suka ji gaskiya, yarinyar nan ba ta sake shiga Malumfashi da fuska. Asabe tana da lambarki. In ta kira ki, mota ce."

"Hasiya, ni fa ba a san ni da riƙe magana ba."

"Wannan za ki riƙe."

Ta tafi. Shekaranjiya da rana wayata ta yi ƙara, lambar gida. Asabe ce. Muka gaisa, ta ce Yaya ta iso lafiya, sai dai ba ta magana sosai, kuma allurar da aka haɗo ta da ita tana son firij, ga wuta ba kullum ba. Ta yi ta sa wa Likita albarka, ta ce ba don shi ba da Yaya ta mutu a ƙasar mutane. Sannan ta ce, "Hajiya Marka, wai wace irin mota ce ta buge ta? An kama direban?"

Na ce ni dai ban ga motar ba, direban kuma yana nan yana yawonsa.

Na ji tana jan hanci. Ta ce, "To Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Na ce amin.